Ruwan Lagireto Ba Ruwan Rijiya Ba Ne: Abin da Tsohuwar Prius Ke Buƙata

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane suka fara neman motar da ba ta shan mai. A nan ne kasuwar motocin haibirid ta buɗe, wato masu tafiya da injin fetur da kuma lantarkin batir a lokaci guda. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Toyota Prius, wadda aka fara sayarwa a Japan a 1997. Waɗanda ke zuwa mana galibi 'yan Kwatano ne, ƙirar 2004 zuwa 2009 ko 2010 zuwa 2015, wato wasunsu sun girmi da yawa daga cikinku.

A gidaje da yawa, ku ne ake aika da safe ku wanke mota ku "duba ruwa". Idan ruwan ya yi ƙasa, sai a ɗebo na randa ko a fasa fiya wata a ɗura. A tsohuwar mota mai injin ƙarfe zalla, wannan ɗabi'a kan ɗauki shekaru kafin ta nuna illarta. A Prius kuwa, tana iya jawo gyaran da kuɗinsa ya fi kuɗin makarantarku na shekara guda.

Mu fara da abin da kuka sani a darasin fiziks. Ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi: kilo ɗaya yana shanye kusan jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Shi ya sa ake zagaya shi cikin inji, ya kwaso zafi ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi, ya koma. Amma ruwa zalla yana da aibu uku. Yana tafasa a digiri 100, yana daskarewa a sifiri, kuma yana cin ƙarfe. Don haka ake gauraya shi da wani sinadari mai suna etilin gilaikol, rabi da rabi, a ƙara magungunan hana tsatsa. Wannan haɗin shi ne kulan da kuke gani a galan a shagon kayan gyara. Ba ya tafasa sai wajen digiri 107, kuma da yake murfin lagireto yana riƙe matsi kamar tukunyar da ake dafa ganda cikin sauri, yakan wuce digiri 120 bai tafasa ba.

Za ku ji wasu na cewa kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da ke fama da zafin Afrilu me za mu yi da shi? Gaskiya ne ba ma tsoron daskarewa. Amma sauran aibun biyu namu ne. Injin Prius da lagiretonsa na alminiyam ne, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam. Ku leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi kullum, za ku ga farin ɓawo ya manne a gindinta. Irinsa ne ke toshe siraran hanyoyin lagireto, ya kuma zama kamar bargo tsakanin ƙarfe da ruwa, zafi ya kasa fita.

Ga inda haibirid ta bambanta da sauran motoci. Idan aka ɗaga bonet ɗin Prius, tankin kulan biyu za a gani, domin hanyoyin sanyaya biyu ne da ba sa haɗuwa. Ɗaya na inji ne. Ɗayan na inbata ne, wato akwatin nan mai launin azurfa da ke juya lantarkin batir zuwa irin wanda ke juya ƙafafun mota. A ƙirar 2004 zuwa 2009, batir yana ba da bolt 201.6, inbata kuma tana iya ɗaga shi har zuwa 500. Wannan aiki yana haifar da zafi, kuma kayan lantarki ba su da juriyar zafi irin ta inji, shi ya sa aka ware musu nasu ruwan da nasu ɗan famfon mai aiki da lantarki. Wanda bai san da wannan ba sai ya yi shekara yana duba tanki ɗaya, ɗayan yana bushewa.

Wannan ɗan famfo kuwa yana da tarihi. A 2012 kamfanin Toyota ya kira dubban ɗaruruwan Prius na waɗannan shekarun domin a canza shi, saboda yakan tsaya ba zato. Motar da ta zo hannu na uku ko na huɗu, babu tabbacin an taɓa canza mata. Gwajinsa ba wuya: a kunna mota har kalmar READY ta fito a dashbod, a dubi ruwan da ke tankin inbata. Idan yana motsi kamar ana zuga shi, famfo na aiki. Idan ya kwanta lamo, akwai matsala, kuma ba da daɗewa ba jan alwatika zai haska, ƙarfin mota ya ragu. Ku sani kuma Prius ba ta da allurar da ke nuna zafin inji kamar sauran motoci. Fitilar gargaɗi kawai gare ta, kuma in ta kama, zafin ya riga ya yi yawa.

To wane kulan za a saya? Wanda kamfanin ya tanada wa waɗannan motoci shi ne Toyota Super Long Life Coolant, mai ruwan hoda, kuma shi ake zubawa a tankunan biyu. A gauraye yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa. Akwai wani tsohon samfuri ja mai suna Long Life Coolant, wanda shi sai an sirka da tataccen ruwa kuma ba ya daɗewa kamar na hodar. In ba a sami na Toyota ba, a karanta bayan galan a tabbatar an rubuta ya dace da motocin Toyota, kuma babu silikat, borat, amin ko naitirait a cikinsa. Kada launi ya ruɗe ku. Rini ne kawai, kuma galan biyu masu launi ɗaya suna iya zama haɗi daban. A ganina, mai sayarwar da ya ce "ai duk ɗaya ne, ja ja ne" bai cancanci kuɗin mahaifinku ba. Gauraya iri biyu yana raunana maganin tsatsan, wani lokaci ma ya zama dagwalo. Ga kuma jabu a kasuwa, ruwa da kala kawai, don haka arha mai yawa abin tuhuma ne.

Kulan yana tsufa ko da mota ba ta ɗiga, domin maganin tsatsan yana ƙarewa a hankali. Ƙa'idar Toyota ga injin ita ce canjin farko bayan kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Kowace Prius ta 2015 zuwa ƙasa ta kai wa'adin farko ko ta wuce shi. Saboda haka idan an sayo 'yar Kwatano kuma babu takardar da ta nuna yaushe aka canza, a zubar da na tankunan biyu a sa sabo.

Canjin aikin bakanike ne, kuma wanda ya san haibirid. Dalili shi ne iska. In ta maƙale a cikin tiyo, ruwa ba zai zagaya ba, kuma fitar da ita yana buƙatar inji ya yi ta aiki, alhali injin Prius yakan kashe kansa da zarar batir ya cika. Sai an sa motar a wani yanayi na musamman na gyara. Wasu ƙirar 2004 zuwa 2009 da suka fito daga Amurka ma suna da wani tanki kamar filas ɗin shayi, mai ajiye ruwan zafi domin ɗumama inji da safe, shi ma yana riƙe iska. Sannan a hana bakanike cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi na musamman. In bai kai ba, kwamfutar motar za ta bar shi yana ta aiki, man da aka sayi motar don a tanada ya tafi a banza.

Naku aikin shi ne ido. Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da mota, ku dubi tankunan biyu daga waje. Ruwan ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa, kuma ya kasance garau. In ya koma ruwan ƙasa, ko kun ga busasshen ɓawo mai ruwan hoda a bakin tiyo ko jikin famfo, ku faɗa a gida. In ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, inji kuma yana karkarwa in an tayar da shi da safe, mai yiwuwa gasket ne ya fara ƙonewa, matsalar da aka san ƙirar 2010 zuwa 2015 da ita idan ta yi nisan tafiya. Lokacin hunturu kuma a riƙa duba fuskar lagireto, domin ƙura da leda suna toshe ta.

In ruwa ya ƙare a hanya kuma babu kulan, tataccen ruwa shi ne mafita ta wucin gadi. Wanda ake sayarwa da sunan ruwan batir yana iya yi, amma a tabbatar ba mai asid ba ne. Ko mene ne aka zuba, in an isa gari a gyara inda ke ɗiga a mayar da kulan na gaskiya.

Abu uku kuma ban da su ko da wasa. Kada ku buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin matsin da ke ciki zai watso muku tafasasshen ruwa a fuska. Kada ku taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, su ne ke ɗauke da babban lantarki. Kuma kada a bar tsohon kulan a kwano ko a robar lemo a tsakar gida. Etilin gilaikol yana da zaƙi, ƙananan yara da kyanwa da awaki suna iya sha, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. A zuba shi a jarka mai murfi, a rubuta "guba" a jiki, a ajiye inda hannun yaro ba ya kai. In har wani ya sha, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira sai ya fara nuna alama.