Ƙwallon kwando: abin da ya ka da 'yan jami'ar Hiyustan a 1983

Duk wanda ya taɓa zama a bakin filin kokowa ya sani ƙarfi kaɗai ba ya ba mutum takobi. Tun daga 1975, shekarar da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, an sha ganin ƙato ya faɗi a hannun wanda bai kai shi ƙirji ba. Haka abin ya ke a wasannin 'yan makaranta. Yau za mu kawo muku labarin wani wasan ƙwallon kwando da aka yi a Amurka tsakanin jami'o'i biyu, domin akwai ɗan Afirka a cikinsa, kuma ɗan Afirkan nan a kusa da mu ya fara wannan wasa.

Daga Sakkwato zuwa Teksas

Daga Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya mai lamba 1, in mutum ya bi ta Birnin Ƙonni ya ƙetare iyaka, kimanin kilomita 100 zai yi ya shiga Sakkwato. A can ne, a ƙarshen shekarun 1970, aka yi gasar wasanni ta makarantun horon malamai na Najeriya. Cikin 'yan makarantar da suka zo daga Ikko, watau Legas, akwai wani dogon yaro, Hakim Olajuwon, wanda aka haifa a 1963. Ƙwallon hannu ya zo yi. Sai wani ɗan makarantarsu ya roƙi malaminsu a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando, malamin kuwa ya yarda. A 1980 yaron ya sauka jami'ar Hiyustan, a jihar Teksas.

A Amurka jami'o'i sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa ta shiyya, sa'an nan a zaɓi gwanaye su haɗu a gasar ƙasa. A 1983 Hiyustan ta yi wasa 16 a rukuninta, ta cinye duka. Kafin wasan ƙarshe na ƙasa ta ci wasa 31, sau 2 kaɗai aka cinye ta, kuma ta ci 26 a jere. Abokiyar karawarta, jami'ar jihar Karolina ta Arewa, an cinye ta sau 10 a shekarar, da ƙyar ma ta sami shiga gasar, sai da ta ɗauki kofin rukuninta bayan ta ka da jami'ar da Maikel Jodan ke wa wasa. Masu lura da wasanni kusan dukansu sun ba Hiyustan nasara tun ba a shiga fili ba.

Ran 4 ga watan Afrilu 1983, a birnin Albukarki, aka tashi Karolina na da maki 54, Hiyustan na da 52. Ga dalilai huɗu da suka kawo haka.

Na ɗaya, laifuffuka tun da wuri

A wasan jami'o'in Amurka ana yin rabi biyu, kowane minti 20, kuma wanda alƙali ya kama da laifi biyar ya fita ke nan. Clyde Drexler, wanda shi ne na biyun Olajuwon a gwaninta, ya yi laifi huɗu tun ba a tafi hutu ba. Mai horar da su, Guy Lewis, ya bar shi cikin fili bayan laifi na uku, har ya ƙara na huɗu. Daga nan sai ya zama yana wasa yana ɗar-ɗar, ya gama daren da maki 4 kacal. Da aka tafi hutu Karolina ke gaba, 33 da 25.

Na biyu, iskar tudu

Birnin Hiyustan yana kusa da bakin teku, Albukarki kuwa yana bisa tudu, wajen mita 1.600 sama da teku. A irin wannan wuri numfashi ba ya ƙosar da mutum kamar yadda ya saba. Gaskiya ne tudun bai zaɓi kowa ba, amma wasan 'yan Hiyustan na gudu ne da tsalle, kuma kwana biyu kafin nan sun yi wasa mai zafi da jami'ar Luwibil, suka ci 94 da 81. Bayan hutu sun dawo da ƙarfinsu, suka zuba maki 17 Karolina na da 2, lissafi ya koma 42 da 35. Amma gajiya ta kama Olajuwon, har sai da ya koma benci aka sa masa na'urar shaƙar iska.

Na uku, sauya tafiya a tsakiyar rafi

Ganin suna gaba kuma yaransa sun gaji, Guy Lewis ya umurce su su rage gudu, su baje cikin fili suna miƙa wa juna ƙwallo domin cin lokaci. A zamanin nan dokar gasar ba ta ƙayyade wa ƙungiya lokacin da dole ta yi jifa ba, sai daga baya aka kawo wannan ƙa'ida. Dabarar tana bisa doka, amma ba ita ce 'yan Hiyustan suka gwanance a kai ba. Ƙungiyar da aka sani da tsalle tana danna ƙwallo cikin kwando da hannu, sau ɗaya tak ta yi haka a daren. Wasa a hankali kuwa shi ne abin da Jim Valvano, mai horar da 'yan Karolina, ya ke nema tun farko. 'Yan wasansa suka sami sararin numfashi, suka riƙa jifa daga nesa tana shiga, rata ta yi ta raguwa.

Na huɗu, jifan tara

Wannan shi ne babban dalili. In aka yi wa ɗan wasa laifi, akan tsai da shi a bisa layi ya yi jifa babu mai tare shi, kowace ta shiga maki ɗaya ne. Valvano ya san 'yan Hiyustan ba su iya wannan jifa sosai ba, saboda haka a ƙarshen wasa ya sa yaransa su riƙa yi musu laifi da gangan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin jifa 19 da aka ba Hiyustan, 10 kaɗai suka shiga. Sun zubar da maki 9, aka cinye su da maki 2.

Ana 52 da 52, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, aka yi wa Alvin Franklin laifi, ɗan shekarar farko a jami'a. A ƙa'idar lokacin sai jifan farko ya shiga a ke ba mutum na biyu. Ya jefa, ba ta shiga ba. Karolina ta karɓe ƙwallo ta riƙe har lokaci ya kusa cika. Dereck Whittenburg ya wurgo ta daga nisan kusan mita 10, ba ta ko kai kwando ba. Olajuwon ya ɗan gusa daga gindin kwando, babu wanda ya tare Lorenzo Charles, shi kuwa ya cafe ta a sama ya danna ciki, lokaci ya cika.

Olajuwon ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ci maki 20, ya cafe ƙwallon da ta daki bakin kwando ta dawo har sau 18, kuma shi aka zaɓa gwanin gasar ko da ya ke ƙungiyarsa ce ta faɗi. A 1984 Hiyustan ta sake kai wa wasan ƙarshe, jami'ar Jojtawun ta cinye ta 84 da 75. A shekarar nan aka ɗauki Olajuwon na farko cikin sababbin 'yan wasan babbar gasar NBA, gaban Maikel Jodan. Sai a 1994 ya ɗauki kofi tare da ƙungiyar Rockets, ya kuma ƙara a 1995, wannan karo shi da Drexler.

Abin lura ga makarantunmu

Muna jawo hankalin shugabannin kolej da lise, da malaman motsa jiki, da hukumomin Tsarnawa, Ƙonni, Malbaza da Illela, bisa abin da labarin nan ke koyarwa. Yara suna son tsalle da burga domin 'yan kallo su yi tafi, amma jifan tara shi ke raba gardama, kuma koyonsa ba ya bukatar komi sai ƙwallo ɗaya da kwando ɗaya da haƙuri. A sa su yi shi a ƙarshen horo, lokacin da suka gaji, domin a cikin gajiya za su yi shi ranar gasa. A koya musu dokokin wasa kamar yadda a ke koya musu lissafi, kada a rasa gwani saboda laifin da bai san laifi ba ne. In za a je wasa wani gari, hukuma ta yi tanadin mota da masauki tun da wuri, yara su isa su huta kafin su shiga fili, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Mai horarwa kuma kada ya ɗora wa yara dabarar da ba su taɓa gwadawa a gida ba.

Sa'an nan a tuna da malamin nan da ya yarda aka gwada ɗan ƙwallon hannu a Sakkwato. A azuzuwanmu akwai dogayen yara, maza da mata, da ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Haƙƙin malamai ne da iyaye da hukuma su ba su dama, ba tare da an yi sakaci da karatunsu ba. Allah ya yi wa yaranmu albarka, amin.