Auren Baƙo da Zama Ɗan Ƙasa a Najeriya

Ɗaurin aure kaɗai ba ya mayar da baƙo ɗan Najeriya. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, muddin an shaidi halinta, ta nuna niyyar zama a ƙasar, ta kuma yi rantsuwar biyayya.

Baƙon da ya auri 'yar Najeriya kuwa ba shi da wannan gata, kuma da wuya a kira hakan adalci. Sai dai ya bi sashe na 27, wanda ya gindaya zaman shekara 15. An kai ƙudurin gyara, Majalisar Tarayya ta yi fatali da shi a Maris 2022.