Marubutan Soyayya Sun Manta da Daji

Duk wanda ya leƙa wurin masu sayar da littattafan Hausa a Tudun Wadan Kaduna zai tarar da labaran soyayya birjik, amma kusan dukkansu a falo da cikin mota suke farawa, a can kuma suke ƙarewa. Tun fitowar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, birni ya mamaye alƙalamin marubutanmu.

Alhali ga labari a daji yana jiran mai rubutawa. A 2016 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin ɗan kunya tsakanin ƙasashe, amma Nijeriya ta zama babbar hanyar fitar da ɓawonsa zuwa Asiya, inda ake haɗa magani da shi. A Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona tulin ɓawon da aka kama a Abuja. Kafin mu zargi Sinawa, mu dubi gida: kan ungulu na cikin kayan da wasu masu maganin gargajiya ke nema a kasuwanninmu, ga ungulun ta yi ƙaranci a mahautanmu.

A ce marubuciya ta kai malamar asibiti wani ƙauye a gefen dajin Gashaka-Gumti a Taraba, inda babu maganin saran maciji, mai sonta kuwa shi ne dillalin mafarauta. Da kuɗin fasa-ƙwaurinsa ake sayo magani. Ta tona masa asiri, ko ta yi shiru?

Irin wannan littafi zai buƙaci marubuciyar ta zauna da mafarauta, ta koyi sunayen namun dawa da itatuwa, kalmomin da yaran Tudun Wada ba su ƙara ji ba.