Matan Jaz da Bikin da Ya Maido da Sunayensu

Malamanmu na da sun san cewa duk ilimin da ake karɓa daga baki zuwa baki, darajarsa tana ga isnadinsa, watau jerin sunayen waɗanda suka miƙa shi hannu da hannu har ya iso gare mu. Idan kuwa aka tsallake suna ɗaya a cikin silsilar, ruwayar ta yi rauni ke nan, ko da lafazinta bai canza ba. Wannan ƙa'ida ce ta faɗo mini a rai sa'ad da na tsaya nazarin wata al'ada ta mutanen Amurka, wadda suke keɓe 'yan kwanaki kowace shekara don karrama matan da suka yi fice a kiɗan jaz, domin na ga abin da ya haifi bikin nan shi ne gyaran wata silsila da aka daɗe ana tsallake rabin mutanenta.

Shi dai jaz kiɗa ne da baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma abin da ya bambanta shi da sauran kaɗe-kaɗe shi ne makaɗi yakan ƙirƙiri rabonsa nan take a gaban jama'a, yana amsa abokan kiɗansa kamar yadda ake amsa magana a majalisi. Saboda haka ba a ƙware a cikinsa da karatun takarda kaɗai. Sai an zauna da gwanaye, an raba dare tare da su a gidajen kiɗa, an bi su tafiya gari-gari. Waɗannan wurare kuwa su ne al'adar wancan zamani ta ce ba su dace da 'ya mace ba. An yarda mata ta rera waƙa, shi ya sa duniya ta san Billie Holiday da Ella Fitzgerald da Sarah Vaughan. An kuma ƙyale ta ta zauna ga fiyano, da yake kayan kiɗa ne na cikin gida da na coci. Amma busa ƙaho, da bugun ganguna, da shugabancin ƙungiya, aka ce wannan gadon maza ne, har a shekarar 1938 mujallar DownBeat, wadda ita ce jagaba a sha'anin jaz, ta buga maƙala sukutum tana da'awar cewa makaɗa mata ba su kai maza ba.

Hujjar da ta rushe wannan da'awa tana nan tun kafin a yi ta. Lil Hardin ce ke kan fiyano a fayafayan ƙungiyar Hot Five da Louis Armstrong ya fara ɗauka a 1925, waɗanda masana ke lissafa su cikin tubalan ginin jaz, kuma ita ce ta zuga shi ya fita daga inuwar maigidansa King Oliver ya tsaya da ƙafafunsa. A 1937 aka kafa ƙungiyar International Sweethearts of Rhythm a wata makarantar yaran talakawa da ke Piney Woods a jihar Mississippi, mata zalla, masu busa da masu bugu, waɗanda daga baya suka haɗa farare da baƙaƙe a zamanin da dokokin kudancin Amurka suka haramta irin wannan cuɗanya. Da aka ƙare yaƙin duniya na biyu maza suka komo daga fagen daga, sai aka maida musu kujerunsu da mata suka riƙe a lokacin yaƙin, littattafan tarihi kuma suka wuce matan nan kamar ba a taɓa yin su ba.

Babu wadda labarinta ya fi bayyana wannan al'amari kamar Mary Lou Williams. An haife ta a Atlanta a 1910, ta tashi a Pittsburgh, tun tana yarinya ƙarama take kaɗa fiyano a gidajen mutane tana taimakon iyayenta da abin da ta samu. Ta yi shekaru fiye da goma tare da ƙungiyar Andy Kirk ta birnin Kansas, tana kiɗa tana kuma tsara wa kowane mai busa rabonsa, ta rubuta wa Benny Goodman da Duke Ellington, sa'an nan da sabon salon nan na bibop ya kunno kai a shekarun 1940, ɗakinta na unguwar Harlem a New York ya zama tamkar zauren malami, inda Thelonious Monk da Bud Powell da Dizzy Gillespie suke taruwa suna gwada abin da suka ƙirƙiro. A 1954 ta ajiye kiɗa na 'yan shekaru ta duƙufa ga ibada da taimakon makaɗan da shaye-shaye ya kassara, daga bisani ta komo, ta ƙare rayuwarta tana koyarwa a Jami'ar Duke, ta rasu a 1981. Macen da manyan gwanaye suka ɗauki karatu a wurinta, sai ga shi almajiran sun fi ta suna nesa ba kusa ba.

A watan Maris na 1978 wasu mata biyu, Carol Comer mawaƙiya da Dianne Gregg ma'aikaciyar rediyo, suka shirya bikin jaz na mata a birnin Kansas, inda Mary Lou Williams da kanta ta hau dandali, tare da Marian McPartland da Betty Carter da Toshiko Akiyoshi, 'yar Japan mai jagorancin babbar ƙungiya. Fa'idar bikin ta bayyana nan da nan. Melba Liston, gwanar ƙahon turombon, wadda ta tsara wa Randy Weston kiɗan fayafayansa Uhuru Afrika da Highlife masu ɗauke da sautin nahiyarmu, ta yi shekaru tana koyarwa a Jamaika ta daina busa a bainar jama'a, sai gayyatar bikin ta sa ta sake ɗaukar ƙahonta. A 1980 kuma aka tattaro waɗanda suka rage da rai daga cikin Sweethearts, tsofaffi da furfura, aka karrama su a gaban jama'ar da galibinsu ba su taɓa jin labarinsu ba. Bikin na Kansas ya tsaya a tsakiyar shekarun 1980, amma a 1996 Dakta Billy Taylor, masani kuma makaɗin fiyano, ya assasa wani a Cibiyar Kennedy da ke Washington, ya sa masa sunan Mary Lou Williams, aka riƙa yinsa a watan Mayu, watan haihuwarta da rasuwarta.

To, masu hankali sun yi saɓani game da hikimar keɓe wa mata biki. Wasu makaɗa matan da kansu sun ce ba sa son a auna su da mudu dabam, domin yabon da aka ce "ta iya, a matsayinta na mace" ragi ne da aka lulluɓe da zanen girmamawa. Wasu kuma suka amsa cewa muddin sauran bukukuwan shekara maza ne ke cika su, rufe wannan ƙofa ɗaya zalunci ne a kan zalunci, ga shi kuma yarinyar da ba ta taɓa ganin mace riƙe da ƙaho ba, da wuya ta roƙi iyayenta su saya mata. Bayan kusan shekara ashirin Cibiyar Kennedy ta cire kalmar "mata" daga sunan bikin ta bar sunan Mary Lou Williams kaɗai, wasu suka yi murna, wasu suka ce an yi gaggawa.

Ni dai a nawa ganin, amfanin irin wannan taro ana gane shi ne a sauran kwanakin shekara, a ajin makaranta da kan takardun da ɗalibai ke koyon kiɗa da su. Terri Lyne Carrington, mai bugun ganguna, ta fahimci haka, shi ya sa ta kafa wata cibiya a Kwalejin Berklee ta Boston a 2018, sa'an nan a 2022 ta fitar da kundi mai ɗauke da kaɗe-kaɗe 101 waɗanda duka mata ne suka tsara su, bayan ta duba littattafan da aka saba koyarwa da su ta tarar cewa da ƙyar ake samun sunan mace a ciki. Yaron da ya buɗe kundin nan yau don ya koyi darasinsa, zai tarar da sunan Mary Lou Williams a saman shafi, a inda ake rubuta sunan mai aiki, kuma in an tambaye shi daga wa ya karɓa, ya san abin da zai ce.