Matar da Aka Bari a Garun Gabas

Kowa ya san rijiyar Kusugu da macijiyarta, amma kaɗan ne ke tuna Magira, 'yar Sarkin Barno, matar Bayajida ta fari. Da ita ya gudo daga Barno, ya bar ta da ciki a Garun Gabas, kusa da Haɗeja. Ya wuce Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura ya auri Daurama. Labarin bai ce ya waiwaye ta ba, bai kuwa ga laifinsa ba. Ɗanta Biram aka riƙe, don da shi lissafin Hausa Bakwai ya cika.

A Faransa, cikin ƙarni na 12, Chrétien de Troyes ya tsara hikayar jarumi Yvain, wanda ya yi wa matarsa Laudine alkawarin komowa cikin shekara guda, ya shagala da wasan barade, ya mance. Ita kam sai ta aiko aka karɓe zobenta a bainar jama'a, har ya haukace ya shiga daji. Watau can mai hikaya ya ba matar bakin ƙara. Magira kuwa, ko kalma ɗaya ba a sa mata a baki ba.