Littafi Hamsin a Shekara, ko Guda Ɗaya da Ya Zauna?

Tun 2011 manhajar Goodreads take shirya gasar karatu duk shekara. Da Janairu ya kama, mutum zai rubuta adadin littattafan da yake fatan gamawa, wani 24, wani 52, wato guda a kowane mako, ita kuma ta riƙa ƙirga masa tana nuna masa ko yana gaba ko an bar shi a baya. Wannan ɗabi'a ta iso wayoyin matasanmu. A Facebook da WhatsApp sai ka ga an jera hotunan bangon littattafai ana cewa ga abin da aka cinye a watan nan.

Ba a raina abin ba. Wanda a da shekara kan fita bai buɗe littafi ba, in ƙirga ta sa ya gama biyar, ai ya ci riba. Matsalar takan zo ne idan adadin ya zama shi ne abin nema. Daga nan sai a fara zaɓen siraran littattafai, a guje wa masu nauyi, a tsallake shafin da ya yi tsauri. Ka tambayi mutum a Disamba me littafin da ya gama a Maris yake cewa, sai ya hau sosa ƙeya. Wasu ma sun fara ajiye gasar gaba ɗaya, su huta shekara guda ba ƙirga.

Mutumin Daura da ke son yin haka ba sai ya nemi darasi daga nesa ba, zauren malam ya ishe shi. Bayan asuba, ko tsakanin magariba da lisha, za ka tarar da tela da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati zaune a tabarma, kowa rungume da nasa littafin. Wannan yana Ahalari, wancan Ishmawi ko Iziyya, na gaba da su yana Risala. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara jimla bayan jimla, da an yi 'yan layuka sai a dakata. Ya koma gida ya yi bita, gobe a ɗora. Risala, wadda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya wallafa fiye da shekara dubu da suka wuce, ba wani ƙaton littafi ba ne, amma a wannan tsari takan ci watanni, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya sauke ta ya sake ɗaukarta daga farko a gaban wani malamin. A makarantar allo ma haka: yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun an tabbatar ya zauna.

Kada a ɗauka masu karatun addini sun tsira daga tsere. Da azumi ya zo, tambayar da ke yawo ita ce “sauka nawa ka yi?” Magabata kuwa sun riga sun yi wa abin linzami. Hadisin Abdullahi ɗan Amru da ke cikin Abu Dawuda ya nuna cewa mai sauke Alƙur'ani a ƙasa da kwana uku ba zai fahimce shi ba. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi shekara takwas yana koyon Suratul Baƙara kaɗai.

Masana halayyar ɗan Adam sun gano hikimar biya karatu ta tasu hanyar. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun raba wa ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda, labari ya sha bamban, waɗanda suka wahala wajen tunowa sun fi riƙe abin nesa ba kusa ba. Mai tseren littafi ba shi da lokacin rufe shafi ya tambayi kansa me ya karanta, domin na gaba yana jiransa.

Tsarin zaure ma yana da nasa rauni, don ba kowane malami ne ke maraba da “me ya sa?” ba. Haka kuma babu mai cewa a karanta Magana Jari Ce ko littafin soyayya kamar ana Muhtasar. Na nishaɗi a sha shi yadda ya zo. Abin ɗauka shi ne mutum ya san dalilin da ya sa ya ɗauko littafi.

Ga misali daga gida. Me ya sa sarautar Kano da Zazzau take hannun gidajen da jihadi ya kafa, amma ta Daura tana hannun tsohon gida? Wannan tambaya ɗaya ta isa ta riƙe mai karatu tun daga farkon damina har kaka. Za ta kai shi ga The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda ya fito a 1978. A ciki zai ga yadda Malam Isiyaku ya karɓe garin daga hannun Sarkin Gwari Abdu a zamanin jihadi, yadda zuriyar Abdu ta rarrabu ta zauna a Zango da Baure, da yadda Turawa suka maido wannan tsohon gida gadon sarauta ta hannun Malam Musa a 1906. Littafin da Turanci yake, cike da sunayen sarautu da zuri'o'i, dole sai da alƙalami a hannu da komawa baya. Smith kuma baƙo ne, saboda haka akwai buƙatar a gwama abin da ya rubuta da abin da dattawan fada suka sani.

Daga nan sai Girgam, jerin sarakunan Daura mai farawa da sarakuna mata, wanda H. R. Palmer ya sa a Sudanese Memoirs a 1928. A nan ne tarbiyyar marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda wata kwaleji a Daura ke ɗauke da sunansa, take da amfani: kafin a gaskata takarda a tambayi wa ya rubuta ta, yaushe, kuma don wa. Palmer shi ne Laftanar Gwamnan Arewa lokacin da littafin ya fito, kuma yana cikin Turawan da ke ganin kafa daula a ƙasashen baƙar fata aikin baƙi ne da suka zo daga gabas ko arewa. Wanda ya san haka, da wani ido daban zai duba yadda Palmer ya ɗauki labarin Bayajidda, baƙon da aka ce ya taso daga Bagadaza ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu.