Gyaran bututun ruwa ba tare da tono ba: inda zafin Gadarif ke kawo cikas

Kaso mai yawa na ruwan famfon Gadarif, a gabashin Sudan, daga tashar Shuwak da ke bakin kogin Atbara ake turo shi, tafiyar kusan kilomita 70. Ƙasar yankin baƙar laka ce, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Dawa da riɗi na jin daɗinta, amma wannan motsi ne ke buɗe mahaɗan bututu, ruwa ya tsiyaye a hanya. Ga kuma 'yan gudun hijira da suka cika garin tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023.

Akwai hanyar gyara irin wannan yoyo ba tare da an fasa titi ba, wadda Eric Wood ya fara gwadawa a Landan a 1971. Ana jiƙa doguwar safa ta yadi mai kauri da danƙon roba, a tura ta cikin tsohon bututun da ƙarfin ruwa ko iska har ta manne da bangonsa. Idan ta sandare, ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Wani lokaci kuma feshin danƙon kawai ake yi.

Sandarewar ce ainihin aikin. Danƙon ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Sinadarai biyu ake gaurayawa, su ƙame a hankali, shi ya sa ake gasa safar da ruwan zafi, tururi ko fitilu na musamman. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, danƙon kan fara ƙamewa tun yana bokiti: ƙarin digiri 10 na rage lokacin aikin da kusan rabi. Sai an ajiye kayan cikin ƙanƙara, an yi aikin da asuba, janareto na kusa, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, wani sashe zai zauna ɗanye.

Shafi na biyu ma yana da lokacinsa. A yi shi da wuri, na ƙasa ya yamutse. A makara, na farko ya yi santsi kamar gilashi, sabon ya ƙi kamawa, sai an goge shi da sanfefa. Da damina kuma laima kan bar wani maiƙo a saman danƙon, wanda dole a wanke shi tukuna.

Ruwan sha sai danƙon da aka tantance dominsa, irin su ifoksi. Na magudanar ƙazanta yakan ƙunshi sinadarin sitairin, mai wari da illa. Kafin a saki ruwa, a leƙa ciki da kyamara, a ɗauraye, a sa kulorin, a gwada. Nan ne ɗan kwangila mai gaggawa ya fi yin ha'inci, tunda ba mai ganin cikin bututu.

Bututun da laka ta riga ta murƙushe kuwa, danƙo ba ya tashe shi. Wannan sai an tona an sauya.